Hawan Dutse a Yini Ɗaya: Lissafin da Ake Yi Kafin a Bar Gida



Duk wanda ya biyo hanyar Kano zuwa Daura, duwatsu ne suke fara sanar da shi ya iso Kazaure. Sun yi jeri ta bayan gari, wasu kuma sun miƙe har wajen Roni. 'Yan uwanmu na Babura ba su da irinsu, nasu fili ne da rairayi. Kusan kowane hutu sai ka ji wasu daga cikinmu suna shirya hawa, kuma shirin ba ya wuce a ce mu haɗu da safe mu tafi. Darasinmu na wannan mako a kan wannan ne: yaya mutum zai san tun daga gida ko tafiyar da ya nufa za ta shiga cikin yini ɗaya?

Mu fara da babban tsauni domin mu ga girman abin. Tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi, a jihar Taraba, kan iyakarmu da Kamaru. Tsawonsa mita 2,419 daga saman teku. Yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya fi duk gandayen dajin ƙasar nan faɗi. Can akwai kurmi mai duhu, da ƙoramu, da gangare mai santsi, kuma masu zuwa ƙololuwarsa kwanaki suke yi a hanya tare da 'yan jagora. Sanyi ma daban ne. A darasin labarin ƙasa an koya mana cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Wato ƙololuwar Chappal Waddi za ta fi Kano sanyi da wajen digiri 12.

Namu duwatsun ba su kai ko kusa ba, kuma ba kurmi ne a kansu ba, sai sabara da geza da ƙaya da tsakuwa. To amma lissafin da mai shiga kurmi yake yi shi ne dai wanda ya kamata mu yi.

A shekarar 1892 wani mai hawan tsaunuka ɗan ƙasar Sikotland mai suna William Naismith ya fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi, wadda har yau ake amfani da ita. Ƙa'idar ita ce a ware awa 1 ga kowace kilomita 5 ta tafiya, sannan a ƙara awa 1 ga kowace mita 600 ta hawa sama. Abu biyu ke nan ake ƙirgawa, nisa da tsawo. Yawancinmu nisa kawai muke dubawa. Mu hango dutse mu ce ai ga shi can, ba nisa.

Ga misali. A ce daga ƙauye zuwa ƙololuwa kilomita 5 ne, kuma hawan mita 300 ne. Nisan ya ci awa 1, hawan ya ci rabin awa. Zuwa ke nan awa 1 da minti 30. Dawowa kilomita 5 ce, wata awa 1. Jimla awa 2 da rabi. Misali na biyu, irin na tsauni mai kurmi: zuwa da dawowa kilomita 12, hawa mita 900. Raba 12 da 5, ka sami awa 2 da minti 24. Raba 900 da 600, ka sami awa 1 da rabi. Jimla awa 3 da minti 54, kusan awa 4.

Amma a nan ne ya kamata a yi hattara da amsar. Naismith babban mutum ne da ya saba da hawa, a ƙasa mai sanyi, kuma lissafinsa bai haɗa da hutu ba. Bai haɗa da cin abinci ba, balle sallar azahar, balle tsayawa a cire ƙarangiya daga wando. Shi ya sa amsarsa ita ce mafi ƙarancin lokaci, ba ainihin lokacin ba. Ni a ganina, ɗalibai irinmu su ƙara rabin abin da suka samu a kai, sannan su ƙara lokacin hutu. Awa 2 da rabi ta zama awa 4 ko fiye. A cikin kurmi kuwa, inda sai an ratsa saiwa da kurangar itace an tsallake rafi, ninkawa ma ba ta yi yawa ba. Kuma ba da mai saurin cikinku za a yi lissafi ba, da wanda ya fi kowa nawa za a yi, tunda ba za a bar shi a dutse ba.

Amfanin duk wannan shi ne a fitar da lokacin juyawa. A garinmu rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 na yamma, gwargwadon watan da ake ciki, kuma bayan faɗuwarta hasken da ya rage bai kai rabin awa ba. Sai a ɗauki lokacin da ake so a iso ƙasa, misali ƙarfe 4, a cire awannin dawowa. Idan dawowa awa 2 ce, to ƙarfe 2 shi ne lokacin juyawa. Ƙarfe 2 na yi, a juyo, ko da ana ganin ƙololuwa kamar a miƙa hannu a taɓa. A gida ake yanke wannan, kowa ya amince, domin a kan dutse kullum akwai mai cewa saura kaɗan. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma gaskiya ne, amma karin maganar ba ta yi alkawarin dawowa kafin magariba ba.

Abin da ƙa'idar ta fi rainawa shi ne saukowa. Ta ɗauke ta kamar tafiya a fili, alhali ba haka take ba. A lokacin hawa numfashi ne yake wahala, a lokacin sauka kuwa gwiwa da cinya ne suke riƙe nauyin jiki a kowane taku, ga shi sun riga sun gaji. Tsakuwar da take kan gangare tana gangarawa da ƙafa. Wanda ya fara gudu a gangare ba ya iya tsayawa inda yake so. A riƙa gajeren taku, a ɗan karkata jiki gefe inda ya yi tsaye da yawa, a dogara sanda. Kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, saboda dutsen da ƙafar na sama ta ture kan na ƙasa zai nufa. Silifa kuma a bar ta a gida, a sa kambas mai igiya.

Sai ruwa. A zafi mai tafiya yana iya zubar da zufa rabin lita zuwa lita ɗaya a awa. Ledar fiyawota rabin lita ce. Tafiyar awa 4 ke nan tana neman leda 4 a ƙalla ga mutum ɗaya, ba ga ƙungiya ba. Idan rabin ruwan ya ƙare, shi ma lokacin juyawa ne, ko agogo bai ce ba. Wanda ya fara jin jiri da ciwon kai a zaunar da shi a inuwa, a jiƙa masa kai da riga, a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan ya fara sambatu ko ya suma, asibiti ne kai tsaye. Watan Afrilu, da zafi yake haura digiri 40, ba watan hawan dutse ba ne ko kaɗan. Disamba da Janairu sun fi, sai dai ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango hanya.

Da damina kuma tsawa ce. Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kimanin kilomita 1 ce, domin sauti yana tafiya wajen mita 340 a daƙiƙa. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a sauka daga ƙololuwa, kuma kada a fake ƙarƙashin itace guda da yake tsaye shi kaɗai.

Maciji ma yana da alaƙa da lokaci. Kububuwa tana son ƙarƙashin duwatsu, kuma da yamma zuwa dare ta fi fitowa, daidai lokacin da wanda ya makara yake lalube da ƙafa. Cizonta ya yi yawa a arewa har akwai asibiti na musamman domin cizon maciji a Kaltungo, jihar Gombe. Kada a zura hannu cikin kogo ko ramin da ba a ga cikinsa ba. Idan tsautsayi ya faru, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti inda ake yin allurar dafi.

Taswira ba kowa yake da ita ba, to ina za a samo nisa da tsawo? Makiyaya da masu yin itace sun san kowace hanya, kuma za su gaya maka awa nawa take ci. A nemi izinin iyaye, a tafi da malami ko wani babba, a gaisa da mai unguwar da ke gindin dutsen a faɗa masa hanyar da za a bi da lokacin dawowa, domin a san inda za a nema.

Aikin gida ga masu karatu: wasu ɗalibai za su bar gindin tsauni ƙarfe 7 na safe. Zuwa kilomita 7 da rabi ne, hawa mita 600, kuma ta hanyar za su dawo. A yi lissafin Naismith, a ƙara rabinsa a kai, a ƙara awa 1 ta hutu da sallah. Ƙarfe nawa za su iso ƙasa? A rubuta amsa da suna da aji a miƙa wa kulob ɗin 'yan jarida kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.