Zaɓen Kaya Masu Araha Domin Injin Sassaƙa Mai Aiki Da Kwamfuta

Akwai wani irin inji da ya ke sassaƙa ƙarfe da roba da katako ba tare da hannun mutum ya riƙe masassaƙin ba. A kan zana siffar abin da a ke so a cikin kwamfuta, ita kuwa ta riƙa gaya wa injin inda zai bi da zurfin da zai ci. Turawa suna kiransa CNC. A Amurka aka fara nuna irinsa, a jami'ar MIT cikin 1952, sa'an nan da takarda mai huji-huji a ke ba shi umurni. Yau ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura cikin 2021, saboda haka samarin wannan yanki ba za su rasa sanin irin wannan aiki ba. To, da ya ke ƙungiyoyin manoma da na masu injin niƙa gaban hakimi su kan kawo maganar kuɗin gyara, magatakarda kuma shi ke rubuta lissafin, ya kamata su san abin da a ke dubawa kafin a ce kaya sun yi araha.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi kuɗin kilo kaɗai. Inji ba ya san kilo ba, girma ya sani. In aka yanko dunƙule mai santimita 10 ta kowace fuska, na baƙin ƙarfe zai kai kilo 7.85, na tagulla wajen 8.5, na alminiyam kuwa 2.7 kacal. Ashe ko da kilon alminiyam ya kusa ninka na baƙin ƙarfe sau uku a kasuwa, kuɗin dunƙulen biyu kusan ɗaya ne. Bayan wannan, alminiyam taushi gare shi, injin ya kan gama da shi da wuri, bakin masassaƙin kuma ya daɗe bai dakushe ba. A wurin da janareto ke ba da wuta, kowace sa'a da injin ya yi yana juyi mai ne ya ke ƙonewa, kuma mai kayan ne zai biya.

Amma ba ko'ina alminiyam ya dace ba. Ya fi baƙin ƙarfe saurin lanƙwasa kamar sau uku, zafi kuma ya kan kumbura shi kamar ninki biyu na yadda ya ke kumbura baƙin ƙarfe. Sandar da ke juya faifan injin niƙa, ko abin da zai ɗauki nauyin amalanke a hanyoyin duwatsun Roni da Gwiwa, lalle baƙin ƙarfe ya ke so, a shafa masa fenti ko mai saboda tsatsa. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa tsadarsa biyu ce: ga ta saye, ga shi yana ƙara tauri in masassaƙi ya goge shi bai ci ba, har ya lalata bakin. Kada a yarda da shi sai inda ruwa ko abinci ya tilasta.

Ga maganar roba. Mutane da yawa suna raina ta, suna ganin abin da ba ƙarfe ba ne ba zai yi ƙarko ba, alhali kuwa famfon hannu irin na Afridev da roba aka yi zoben da hannunsa ke juyawa a kai, da gangan, domin in ya cinye mutanen gari su canza shi da kansu. Iri biyu aka fi sassaƙawa. Nailan ya kan sha laima: abin da aka auna daidai a Janairu, cikin hunturu, sai a tarar ya ɗan kumbura ya kame a Agusta. Asital, wadda a ke sayarwa da sunan Delrin, ba ta cika yin haka ba, saboda haka ita ta fi dacewa da ƙananan kayan injin ban-ruwa na masu lambu a bakin madatsar ruwa ta Kazaure, muddin ba kusa da zafin injin za a ɗaura ta ba. Katako kuwa amfaninsa babba shi ne gwaji. A fara sassaƙa siffar a kan guntun falanki, in akwai kuskure a zanen ya bayyana a kan abin da bai kai komai ba.

Inda a ke yawan yin hasara shi ne wajen tsohon ƙarfe. Babu laifi a nemi ragowar yanka a Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, da ma nan ne arahar ta ke. Sai dai tsohon ƙarfe ba ya zuwa da takardar asalinsa. Sifirin na mota da sandar ƙafarta an riga an taurara su da wuta. Maƙerin gargajiya zai mai da su wuƙa ko fartanya cikin sauƙi domin shi a wuta ya ke sa su, amma injin nan ɗanye ya ke ci, sai bakin masassaƙi ya karye, kuɗinsa kuwa ya kan fi na ƙarfen da aka yi wa rowa. Rodin gini ma ba shi da tabbas, wani wuri taushi wani wuri tauri. Alminiyam da aka narka daga gwangwani da tsofaffin tukwane ya kan fito da ƙananan ramuka da yashi a ciki, ba a ganinsu sai an kusa gama aiki. Akwai gwaji mai sauƙi da magatakarda zai iya sa a yi a gabansa: a goga zarto a jikin ƙarfen. In ya ci, injin ma zai ci; in ya zame yana ƙara, a bar shi.

Wani abu kuma da ya wajaba hakimi ya tsaya a kansa, ko da za a ce ya cika bincike. Tagullar da ta fi daɗin sassaƙa an gauraya ta da dalma, wajen kashi 3 cikin 100. Ba ta dace da abin da zai taɓa gari ko ƙuli ko ruwan sha ba. Jama'a ba su manta da yaran da gubar dalma ta hallaka a Zamfara cikin 2010 ba. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma dalma ɗaya ce.

Sa'ad da aka kawo takardar farashi, magatakarda ya nemi a rarrabe masa kuɗin kaya daban, na sa'o'in inji daban, na masassaƙi daban, a kuma rubuta sunan ƙarfen da lambarsa, kamar alminiyam 6061, ba “ƙarfe” kawai ba. Ya tambaya ko an zana abin daidai da kaurin sandunan da ke kasuwa, domin sandar da ta fi buƙata kauri an biya kuɗinta, an kuma biya kuɗin mai da ita ɓarɓashi. Ɓarɓashin ma a tara na alminiyam da na tagulla kowanne a buhunsa, kada a gauraya, masu narka suna saye, kuɗin kuma a shigar da shi littafin ƙungiya.