Filashin ba buɗe waya ba ne

Wani dattijo daga Tawa ya iso rumfata a nan Silet da wayar Samsung naɗe cikin leda. Ta ɗansa ce, yaro mai neman zinari, wanda aka tsinci gawarsa a sahara bayan direban da ya ɗauko su ya sauke su da dare, ya ce zai je neman mai, bai dawo ba. Abokin tafiyarsa da Allah ya yi wa sauran kwana shi ya riƙe wayar. Ya ce da kunnensa ya ji saƙonnin muryar da direban ya turo wa mamacin ta WhatsApp, yana faɗin kuɗin mota da wurin haɗuwa. Har hoton motar akwai a ciki.

Maimakon su miƙa ta ga jandarma, sai shi da dattijon suka zauna suna gwada lamba: shekarar haihuwa, sifili huɗu, ƙarshen lambar mahaifiyar mamacin, har wayar ta fara cewa a jira. Daga nan wani mai shisshigi ya kai su gun wani mai tebur a kasuwar Tamanrasset. Ya ce minti goma ne. Ya karɓe dinarinsu, ya yi mata filashin. Ranar da jandarma suka nemi wayar, fanko aka miƙa musu.

Tsohon ya biyo hanya fiye da kilomita 100 don an ce masa ina dawo da abin da aka goge. Na jona ta, na duba. Sikirin na tambayar asusun Google da ba wanda ya sani, ciki kuwa wayam. Yana ta shafa tsagaggen gilashin da babban yatsansa.

"Ɗana, ko muryarsa kawai ka fito mini da ita."

"Baba, sai haƙuri. Wanda ya taɓa ta ya riga ya kashe ta."

Abin da ya fi ƙona mini rai, mai teburin ya sani. Duk wanda ya taɓa riƙe kebul ya san tun daga Android 10 sababbin wayoyi a rufe bayanansu suke fitowa, iPhone kuwa tun iOS 8 a 2014. Ka yi fomatin, mabuɗin ya tafi, abin da ya rage shara ce. Amma kuɗin shayi ya rufe masa ido.

A Amurka, bayan harin San Bernardino na Disambar 2015, hukumar FBI da duk ƙarfinta ta kasa buɗe iPhone 5C guda ɗaya. Ta kai Apple kotu, Apple ta ƙi, sai a Maris 2016 wasu ƙwararru na waje suka buɗe ta a kan kuɗi kusan dala miliyan ɗaya. FBI ba ta yi ta gwada lamba barkatai ba, don tana tsoron gwaji na goma ya share komai. Kai mai tebur da kwamfutarka mai cin ƙura kake cewa minti goma? Na'urorin da hukumomi ke saye, irin na Cellebrite, su ma ba kowace waya suke iyawa ba, kuma ba su tayar da wadda aka yi wa filashin.

Da izinin mai gabatar da ƙara, jandarma za su iya samun jerin kira daga kamfanin waya na Mobilis ko Djezzy. Muryar WhatsApp ba ta wurinsu. Tun 2016 saƙon a rufe yake tafiya daga waya zuwa waya.

Wayar mamaci ko ta wanda ya ɓace, kada a gwada lamba. Kada a kashe ta, a sa mata caji, don bayan an sake kunna ta buɗewa ta fi wuya. A kai wa jandarma yadda take. Kada a yi filashin, na sake faɗa, kada a yi filashin, ko wa ya rantse muku.

Ku masu shiga daji, ku rubuta lambar gida a fuskar sikirin, ku faɗa wa mutum ɗaya da kuka amince da shi lambar sirrinku. Sim ɗin ma a daina cirewa ana sa wa wata waya. Mai gyaran da bai tambaye ku ta wane ce ba kafin ya jona kebul, ku karɓe kayanku ku yi gaba.