Kafin Ku Tura Maƙala Ga Mujallar Ilimi

Malamai a Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, ku yi hattara da mujallar da ke alkawarin buga maƙala cikin mako guda muddin an biya kuɗi. Kwamitin ƙarin girma na iya yin watsi da maƙalar da aka buga a irin wannan mujalla.

Mujallar kirki takan miƙa aikinku ga masana biyu, wani lokaci ba tare da sunanku ba. Sukan fara da tambayar wane sabon abu kuka kawo. Idan manoman Bungudu kuka yi wa tambayoyi, su nawa ne? Yaya kuka zaɓo su? Da yardarsu? A nan aka fi tuntuɓe, don haka ku fayyace komai.

Ku bi ƙa'idojin mujallar, ku tace aikin da manhajar gano satar rubutu ta Turnitin, kuma kada ku aika wa mujallu biyu lokaci guda.