Ƙaura Zuwa Birni Da Haƙƙin Iyali

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi magidancin da ya ƙuduri barin garinsu ya koma babban birni, alhali kuwa samunsa bai taka kara ya karya ba.

Fita neman halal ba laifi ba ce. Aya ta 15 cikin Suratul Mulki ta yi mana izinin tafiya a sassan ƙasa mu ci daga arzikin Ubangiji. Amma halaccin tafiya ba ya sauke wajibi. A mazhabar Imamu Malik, ci da sutura da mazaunin mace suna wuyan mijinta, yana gida ko yana nesa. Haka nan 'ya'yansa ƙanana da iyayensa mabukata. In ya tafi bai bar wa matarsa komai ba, bai kuma aiko ba, tana da ikon kai ƙara gaban alƙali, har ta kai ga raba auren.

Saboda haka lissafi kafin tashi yana cikin addini. Mu ɗauki Abuja, wadda ta zama mazaunin Gwamnatin Tarayya a 1991. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne a wata. Masu gidaje kuwa sun saba karɓar kuɗin hayar shekara guda gaba ɗaya, ban da la'adar dillali. Don haka ne ƙananan ma'aikata da yawa suke kwana a Mararraba ko Suleja, su yi sammako zuwa aiki, kuɗin mota kuma ya hau tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. In an fitar da haya da mota da abinci, me ya rage wa na gida?

Mu dubi Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi. Ya isa Madina hannu wofi, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Abin da ya ɗauke shi sana'a ce da ya iya tun daga Makka.

To, mai niyya ya kiyaye abu uku. Kada ya tashi sai da sana'a ko aiki tabbatacce. Kada ya sayar da gonarsa ko ya ci bashi da ruwa don biyan haya, gama riba haramun ce. Sa'an nan ya fara zuwa shi kaɗai, kamar yadda magabata ke cin rani, bayan ya ajiye wa iyali abincinsu, har ya ga kamun ludayin garin. Wanda ya yi haka ya ɗaure raƙuminsa, sai ya dogara ga Allah.

Allah Ya azurta mu da halal mai albarka, amin.