Tsutsar da Ta Ceci Ciyawar Shanu a Fulorida

Jama'a, ba kowace tsutsa ce abokiyar gabar manomi ba. Misalin wannan ya faru a Jihar Fulorida ta Amurka. Wajen shekarar 1900 wani irin gyare mai haƙa rami ya shigo musu a jiragen ruwa daga Kudancin Amurka. Yana cin saiwar ciyawa ta ƙarƙashi, sai a wayi gari makiyaya ta yi sanƙo, ƙasar ta yi buhu-buhu a ƙarƙashin kofaton shanu. Shekara da shekaru ana feshin guba, kuɗi na tafiya, gyare na dawowa.

Masanan Jami'ar Fulorida suka bi sawunsa har Yurugwai, suka samo wata tsutsa da ido ba ya gani sai da madubin likita, mai suna Steinernema scapterisci. A 1985 aka sake ta a makiyaya. Takan shiga jikin gyaren ta baki ko ta kafofin numfashi, ta saki ƙwayoyin cutar da take ɗauke da su a cikinta. Cikin 'yan kwanaki ya mutu, ita kuwa ta hayayyafa dubbai a gawarsa, 'ya'yan su fito neman wani. Abin sha'awa, kafin ya mutu yakan tashi sama ya kai ta wani filin da kansa. Da ita da wani zanzaro da aka shigo da shi, gyaren da ake kamawa a kewayen Gainesville ya ragu da kimanin kashi 95 cikin 100.

Wani zai ce, ai tsutsa ce ke sa saiwar tumatir ƙulu-ƙulu. Gaskiya ne, amma wannan dangi daban ne; ba ta cin tsiro, ba ta kama saniya ko mutum. Wani kuma zai ce guba ta fi sauri. Haka ne, sai dai guba kullum sai an sake saye, kuma a kan abincin dabba ake zuba ta. Babban raunin tsutsar dai rana da fari. Dole a watsa ta da yamma a jiƙaƙƙiyar ƙasa, in ba haka ba an yi asarar kuɗi. Saboda haka wanda ke ƙasa mai zafi irin tamu kada ya ɗauka abin da ya yi a Fulorida zai yi ko'ina.

Muna kira ga masanan aikin gona su tona ƙasarmu, su nemo irin tsutsar da ta saba da zafinmu.