Darasi Game Da Wanda Ya Ɓace Sa'an Nan Aka Same Shi Da Rai

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda babu abin da yake ɓoye gare Shi a cikin hamada ko a cikin kogi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu a kan mutumin da ya yi tafiya ne, labarinsa ya yanke, aka rasa sanin yana raye ko ya mutu, daga bisani Allah Ya bayyana shi da ransa. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan mutum mafƙudi, kuma sun ware masa babi.

Wannan mas'ala ta shafe mu ƙwarai. Samarinmu suna tafiya bida, wasu Abijan, wasu Libiya ta hanyar Agadas da Dirku, wasu Aljeriya ta hanyar Arlit, wasu kuma sun nufi haƙar zinariya a Jado tun da aka gano ta a shekarar 2014. A watan Oktoba na shekarar 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta kashe su, kuma akasarinsu mutanen ƙasar Kance ne a jihar Damagaram. Irin wannan labari shi ke sa duk gidan da ɗansa ya yi shiru su fid da rai da shi, alhali kuwa wani yana gidan kaso ne a wata ƙasa, wani yana jinya, wani kuwa kunya ce ta hana shi aikowa don bai samo kome ba. Ranar da ya bayyana, ana gama guɗa sai tambayoyi su taso game da matarsa, da gonarsa, da gadon mahaifinsa da aka raba ba ya nan. Ku sani cewa sauƙin amsar waɗannan tambayoyi ko wahalarta yana rataye ne ga abin da iyalinsa suka aikata a lokacin da ba ya nan.

Fasali na farko: abin da ya kamata a yi tun kafin ya dawo

Asali a shari'a shi ne wanda aka san shi da rai yana nan da ransa har sai mutuwarsa ta tabbata. Maganar wani direba ko wani abokin tafiya da ya ce ya ji an ce wane ya mutu ba ta tabbatar da mutuwa. Matar mafƙudi tana da zaɓi: in ta so ta yi haƙuri ta zauna, in ta so ta kai ƙara ga alƙali ko mai iko, in babu su kuma jama'ar Musulmi masu adalci suna tsayawa a matsayinsu. Sai a yi bincike a inda ake zaton ya nufa. Idan bincike ya gaza, sai a yanka mata ajali na shekara 4 daga ranar da aka gaza, ana ciyar da ita daga dukiyarsa. Idan ajalin ya cika, sai ta yi takaba wata 4 da kwana 10, sa'an nan aure ya halatta gare ta. Wannan hukunci na Sayyidina Umar ne, Allah Ya yarda da shi, Imamu Malik ya ruwaito shi a cikin Muwaɗɗa, Ibn Abi Zaid kuma ya kawo shi a cikin Risala wadda muke karantawa a zaurukanmu.

Sharaɗin wannan jira shi ne a ce ya bar abin da za ta ci. Idan bai bar kome ba, ba a tilasta mata zaman shekara 4 da yunwa. Tana da damar neman alƙali ya sake ta saboda rashin ciyarwa. Haka kuma malamai sun rarrabe tsakanin wanda ya ɓace a lokacin zaman lafiya, da wanda aka kama shi fursuna, da wanda ya ɓace a fagen yaƙi, da wanda ya ɓace a lokacin annoba, kowane da ajalinsa. Tantance wane kashi mutum ya faɗa aikin alƙali ne, ba na zaman dangi a zaure ba. A ƙasarmu kuwa hanya a buɗe take, domin sarakunan gargajiya suna da ikon sulhu, gidan shari'a kuma yana duba sha'anin aure da saki da gado bisa al'adar masu ƙara, tare da masana da ke zama kusa da alƙali.

Fasali na biyu: matarsa

Idan ya dawo a cikin shekara 4 ɗin nan, ko tana cikin takaba, ko ta gama ba ta yi aure ba, to matarsa ce, ba a bukatar sabon ɗaurin aure ko sabon sadaki. Idan an ɗaura mata aure da wani amma bai sadu da ita ba, ana warware na biyun ta koma ga na farko. Idan kuwa na biyun ya sadu da ita, bai kuma san na farkon yana raye ba, to ta kuɓuce wa na farko, aurenta na biyu ya tabbata. Wannan shi ne mashahurin zance a mazhabar Malikiyya. A wata mazhabar ana ba na farko zaɓi tsakanin matarsa da sadakinsa, amma ba wannan ne abin da ake hukunci da shi a wurinmu ba.

Yanzu ku lura da kyau, domin a nan gidaje da yawa suke faɗawa cikin wahala. Duk abin da muka faɗa a kan matar da ta bi ta hannun alƙali ne. Amma wadda aka kawo wa labari kawai cewa mijinta ya mutu, ta gaskata, ta yi takaba, dangi suka aurar da ita, sa'an nan mijin ya bayyana, malamanmu sun ce wannan ba ta kuɓuce masa ba ko da na biyun ya sadu da ita, ko da ta haifa masa ƴaƴa. Ana raba ta da na biyun, ta tsarkake mahaifarta da jini 3, ko da haihuwa in tana da ciki, kafin na farko ya kusance ta. Ƴaƴan da ta haifa na miji na biyu ne, ƴaƴan halas ne, suna gadonsa, babu haddi a kanta ko a kansa, domin sun shiga auren ne bisa zaton halas. Dalilin bambancin shi ne ta farkon hukunci ne ya kwance igiyarta bayan bincike da ajali, ta biyun kuwa ba abin da ya kwance tata sai labarin da ya zama ba gaskiya ba. Ku duba irin raɗaɗin da gaggawa take jawowa: mace ta bar gidan da ta saba da shi, ƴaƴa su rabu gida biyu, maza biyu su zama abokan gaba ba tare da ɗayansu ya yi laifi ba. In na farkon ya ga maslaha ya sake ta don ta koma wurin ƙananan ƴaƴanta da sabon aure bayan idda, wannan kyautatawa ce da muke fatan Allah Ya saka masa a kanta, amma ba a tilasta shi.

Wadda alƙali ya saka saboda rashin ciyarwa kuwa, idan mijin ya dawo da wadata tana cikin idda yana iya mayar da ita. Idan idda ta ƙare sai da yardarta da sabon aure. In kuma ya kawo shaida cewa ya bar mata abinci ko yana aikowa, sai a koma gaban alƙali a sake duba sakin.

Fasali na uku: dukiyarsa

Mutane da yawa suna zaton cewa da zarar matar ta fita takaba sai a raba gado. Ba haka ba ne. Ajalin shekara 4 an yanka shi ne don ɗauke cuta daga mace, amma dukiya ba ta cutuwa da jira. Saboda haka ba a raba dukiyar wanda ya ɓace a lokacin zaman lafiya sai mutuwarsa ta tabbata, ko shekarunsa na haihuwa su kai iyakar da tsararrakinsa ba su cika wucewa ba. Mashahurin ƙiyasi shi ne shekara 70, wasu malamai sun ce 75, wasu 80. Kafin nan sai a naɗa amintacce ya kula da gona da bisashe, ya ciyar da mata da ƙananan yara da iyaye matalauta daga ciki, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Abin da aka kashe ta wannan hanya mai dawowa ba ya binsa bashi, domin wajibinsa ne aka sauke masa.

Idan an riga an raba, to duk abin da ke hannun magada sai a mayar masa, gona ce ko gida ko saniya tare da abin da ta haifa. Abin da aka sayar ko aka ba da jingina yana da tafsili, ya danganta ga ko waɗanda suka shaida mutuwarsa suna da uzuri ko ƙarya suka shirya, don haka a kai shi gaban alƙali. Haka nan idan mahaifinsa ko wani da yake gada ya rasu ba ya nan, wajibi ne a ajiye masa rabonsa. Wanda ya cinye rabon ɗan'uwansa da hujjar ya daɗe ba a gan shi ba, to bashi ne a wuyansa. In kuma an yi masa takardar mutuwa, sai a koma gidan shari'a a soke ta, don kada ya zama matacce a takarda. Ɗiyarsa da aka aurar da yardarta ta hannun waliyyin da ke biye masa ko ta hannun alƙali, aurenta ya inganta, ba ya da ikon warware shi don kawai ba a shawarce shi ba.

Fasali na huɗu: ibadarsa

Sallolin da suka wuce shi a kan hanya ko a gidan kaso yana cikin hankalinsa, wajibi ne ya rama su gwargwadon ikonsa. Idan bai san adadinsu ba sai ya ƙiyasta har zuciyarsa ta natsu. Azumin Ramadan da ya sha shi ma sai ya rama. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya rama sallar da lokacinta ya fita yana cikin wannan hali, amma a mazhabarmu yana rama azumi.

Fasali na biyar: yadda za a tarbe shi

Sunna ce ga mai dawowa daga tafiya ya fara da masallaci ya yi raka'a 2, kada kuma ya faɗo wa iyalinsa cikin dare ba sanarwa. Wannan ladabi ya fi ƙarfi ga wanda aka fid da rai da shi, sai a aika wani dattijo ya shirya zukatan iyaye da mata. Ciyar da mutane don murnar dawowa yana da asali, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka dabba ya ciyar da ya iso Madina daga wata tafiya. Ya kuma rungumi Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da ya dawo daga Habasha a shekara ta 7 bayan Hijira. Sai dai kada a ci bashi don walima.

Babban abin koyi a nan shi ne ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Annabi Yaƙubu bai karɓi labarin mutuwar ɗansa don riga mai jini kawai ba, bai kuma yanke ƙauna ba shekara da shekaru. Da Allah Ya haɗa su, Annabi Yusufu bai tsayar da ƴan'uwansa don zargi ba. Malaman tafsiri sun lura cewa a aya ta 100 ta surar, da yake lissafa ni'imomin Allah gare shi, ya ambaci fitarsa daga kurkuku, bai ambaci rijiya ba, don kada ya kunyata waɗanda ya riga ya yafe wa. To, haka ake so daga ɓangarori biyu. Iyali kada su tarbe shi da tambayar abin da ya kawo, kada su matsa masa ya ba da labarin abin da ya gani, domin wanda ya binne abokan tafiyarsa a cikin rairayi ko ya sha duka a tsare yakan daɗe bai iya magana a kai ba. In barci ya ƙaurace masa, ko yana firgita, ko yana keɓe kansa, a haɗa masa addu'a da zuwa asibiti. Shi kuma kada ya ɗauki matarsa maci amana don ta bi hanyar da shari'a ta buɗe mata. In da gangan ya yanke labarinsa, to ya tuba, ya nemi gafarar iyayensa da matarsa da ƴaƴansa.

Idan wadda aka samu mace ce, matar aure ko budurwa, to mu kiyaye harsunanmu. Ɓacewarta ba ta kwance aurenta ba, wadda aka tilasta kuma ba ta da zunubi. Wanda ya jefe ta da alfasha ba tare da shaidu 4 ba ya aikata ƙazafi, kuma Suratun Nur ta yanka wa mai ƙazafi bulala 80 tare da zubar da shaidarsa.

A ƙarshe muna kira ga mai niyyar tafiya ya naɗa wakili a gaban shaidu, ya rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya faɗi inda ya nufa, kada kuma kunyar rashin samu ta hana shi kiran gida. Muna kira ga limamai da masu unguwanni, idan labarin mutuwa ya zo daga nesa, su tambayi wanda ya ga gawa da wanda ya halarci jana'iza kafin a shimfiɗa tabarmar makoki.

Ya Allah Ka mayar da kowane ɓatacce ga iyalinsa cikin aminci, Ka jiƙan waɗanda suka cika a kan hanya, Ka ba masu jira haƙuri mai kyau. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.