Shaidar Romawa a Kan Yesu: Ina Iyakarta?

Yaranmu da suke karatu a Maraɗi sukan komo Dakoro da tambaya, su ce, "Baba, me littattafan Romawa suka faɗa a kan Yesu? Za a iya dogara gare su?" Kada mu tsawata musu. Bari mu auna shaidun nan kamar yadda alƙali yakan yi.

Na fari shi ne Tasitus. Ya rubuta littafinsa wajen shekara ta 116. Ya ce an kashe Almasihu a hannun Bilatus a zamanin Kaisar Tibariyas, kuma Kaisar Nero ya ɗora wa Kirista laifin gobarar Roma ta shekara ta 64. Amma ba a haifi Tasitus ba sai bayan gicciye Yesu da shekara ashirin da 'yan kai. Ya ƙi jinin masu bi, ya kira bangaskiyarsu mugun camfi. Ya kuma rubuta cewa Yahudawa sun ajiye siffar jaki a Haikalinsu, alhali ba haka ba ne. A 1961 aka tono wani dutse a Kaisariya mai ɗauke da sunan Bilatus, sai ga shi sarautar da ke jikin dutsen dabam take da wadda Tasitus ya ba shi.

Na biyu Suwetoniyas ne. Ya ce Kaisar Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma domin wani mai suna Kirestus yana zuga su. In Almasihu yake nufi, to, ya rikita sunan, ya rikita lokacin. Korar dai ta faru, gama Ayyukan Manzanni 18:2 ta ambace ta.

Na uku Filini ne, gwamnan Bitiniya. Wajen 112 ya rubuta wa Kaisar Tarajan cewa masu bi sukan taru tun da asuba suna yi wa Almasihu waƙa kamar ga Allah. Daga bakin waɗanda ya tuhuma ya ji wannan, har ya sa aka azabtar da mata biyu.

To, me za mu ce? Mutanen nan jiyau ne, ba ganau ba. Wanda yake so ya san yadda sojan Faransa suka ƙone Birnin Ƙonni a 1899, ba zai tsaya ga takardun Turawa kaɗai ba, zai nemi abin da tsofaffin garin suka bari. Duk da haka, in maƙiyinka ya yarda gonar ta ubanka ce, alƙali ba ya zubar da maganarsa. Haka Romawa suka yarda Yesu ya rayu, an kashe shi, mutanensa kuwa suka bazu.

Amma ba a kansu muka kafa bangaskiyarmu ba. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa wajen shekara ta 55, tun da yawa daga cikin waɗanda suka ga Ubangiji bayan tashinsa suna da rai. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Yau da dare, bayan tuwo, ku tara iyalinku ku karanta 1 Korantiyawa 15:1-8. Ku bar yara su ƙirga shaidun da kansu, sa'an nan ku yi addu'a tare.